Ƙungiyar ƙwallon da aka kafa don tallar karnuka

Jama'a masu sauraro, na ruga da na kasuwannin bakin iyaka, tarihinmu na wannan mako daga Amurka ya fito, daga wani ɗan ƙauye mai suna LaRue a jihar Ohio, wanda mutanensa ba su kai 1,000 ba.

A ƙauyen nan an yi wani mai kiwo, Walter Lingo. Karnukan farauta yake kiwo, irin da ake kira Airedale, yana sayarwa har garuruwa masu nisa. A 1922 ya biya dala 100 ya sayi gurbi a gasar NFL, wato ƙwallon nan ta Amurkawa da ake runguma a ruga da ita, abokan karawa na ƙoƙarin kayar da mutum. Ya raɗa wa ƙungiyar suna Oorang Indians. Oorang ɗin sunan gidan kiwon karnukansa ne.

'Yan wasan duk 'yan asalin ƙasar ne, jikokin mutanen da Turawa suka tarar a can. Jagoransu kuwa Jim Thorpe, gwarzon da ya ci zinariya biyu a wasannin Olamfik na 1912. Da yake LaRue ba ta da fili, kusan duk wasanninsu a garin wasu suka yi su, kuma abin da Lingo ke so ke nan. Da an tafi hutun rabin lokaci sai a fito da karnuka su nuna gwaninta, 'yan wasa su yi harbi da rawar gargajiya, masu saye na kallo.

To, amma fa a fili ba ta yi kyau ba. A 1922 sun ci wasa 3, an cinye su 6. A 1923 wasa 1 tak suka ci, aka doke su sau 10. Wanda ya ga rawar bara bai ga dalilin sake biyan kuɗi bana ba, 'yan kallo suka ja baya. Lingo ya janye hannunsa, ƙungiyar ta watse bayan kaka biyu kacal. Thorpe ya koma wata ƙungiya a 1924.

Duk wanda ya taɓa kai sa kasuwa ya san wannan. Kirarin dillali na iya tsayar da mai saye ranar farko. Ko zai dawo kasuwa mai zuwa, wannan kuma sai abin da ya gani a jikin dabbar da ya kai gida.