Baka da Bindiga a Yankin Minna da Ƙasar Hausa

Makaman nesa su ne waɗanda ake harbawa ko a jefa wa abokin gaba ba tare da an haɗa ƙirji ba. A ƙasar Hausa da ƙasashen Gwari da Nufe an fi sanin guda huɗu: majajjawa, mashi, baka da kibiya, sai bindiga. Majajjawa ta fi zama ta korar tsuntsaye a gona, mashi kuwa sau ɗaya ake jefa shi. Gasar gaske tsakanin baka da bindiga take, kuma an shafe fiye da shekara 150 kafin a raba gardama.

Baka ya girmi rubutaccen tarihin yankin, kuma sarautar Sarkin Baka, shugaban maharba, tana nan a garuruwa da dama har yau. Bindiga baƙuwa ce. Mai Idris Alauma na Borno ya kafa rundunar 'yan bindiga da Turkawa suka horar a ƙarni na 16. Littafin Tarihin Kano ya ambaci shigowar bindigogi daga Nufe a zamanin Sarki Kumbari (1731–1743), ya kuma ce Babba Zaki (1768–1776) ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa.

Tsawon baka kan kai kimanin mita ɗaya da rabi, tsirkiyarsa ta murɗaɗɗiyar fata ce. Kibiya ba ta cika wuce santimita 60 ba. Ana yin jikinta da kyauro, maƙeri ya ƙera mata kai mai kunnuwa yadda in ta shiga nama ba ta zaruwa sai an tsaga, kuma galibi ba a sa mata gashin tsuntsu. Rashin gashin nan yana rage mata saiti daga nesa, amma dafi ya cike gurbin. Ana dafa shi da 'ya'yan kwankwani, sau da yawa haɗe da ƙaron tinya, ya yi kauri a shafa a kan ƙarfen. Dafin kwankwani zuciya yake tsayarwa, saboda haka ɗan ƙwarzane ma kan isa ya kayar da doki ko mahayinsa. Wannan ne ya sa barade suka lulluɓe kansu da dawakinsu da lifidi, duk da nauyinsa da zafinsa.

Bindigar wancan zamani, wato adaka ko bindigar toka, ta baki ake ɗura ta. Maharbi zai zuba albarushi, ya bi shi da guntayen ƙarfe, ya danna da sanda, kafin ya sake harbi ɗan baka ya saki kibau da dama. Da damina albarushi yakan yi laima ya ƙi tashi, wani lokacin kuma bututun ya fashe a hannun mai shi. Amfaninta na zahiri biyu ne: tana huda lifidi, kuma ƙararta da hayaƙinta suna firgita dawakin da ba su saba ba. Shi kuwa baka ba ya tona asirin mai kwanton ɓauna, kayan haɗinsa duka a daji da maƙera ake samunsu, alhali albarushi mai kyau sai an jira fatake.

Tarihin yaƙi ya daɗe yana bai wa baka gaskiya. A Tafkin Kwatto, cikin Yuni 1804, jama'ar Shehu Usmanu, mafi yawansu 'yan baka ne a ƙasa ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo, suka karya baraden Sarkin Gobir Yunfa. A 1826, lokacin da Bature matafiyi Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a bakin ganuwar Gobirawa, bindigogin da ya ƙirga kimanin arba'in ne kacal cikin dubban mayaƙa.

A yankin Minna, ƙasar da Bosso da Shango da Chanchaga suke a yau, Gbagyi, wato Gwari, sun haɗa baka da tsauni. Tsohon mazaunin Minna a kan dutsen Paida yake, kuma hikimar hakan a fili take: doki ba ya sukuwa a kan duwatsu, ɗan baka da ke sama kuma yana ganin mai hawowa tun daga nesa. Hare-haren Umaru Nagwamatse, wanda ya kafa Kwantagora ya rasu a 1876, da na ɗansa Ibrahim, sun yi wa ƙauyukan Gwari mummunar ɓarna, amma garuruwan kan dutse sun fi na fili wuyar ci. Mutane ba su sauko sosai ba sai bayan da ƙura ta lafa, layin dogo na Baro zuwa Kano, wanda aka kammala a 1911, ya ratsa Minna. A kudu kuwa Etsu Masaba na Bida (1859–1873) ya tara bindigogi daga 'yan kasuwar Turai da ke bin kogin Kwara, kamar yadda Tanimu na Damagaram ya riƙa ƙera igwa a Zinder.

Abin da ya kayar da baka shi ne bindiga mai ɗuri ta baya da mai jigida ƙirar Maxim. A Janairu 1897 sojojin Royal Niger Company, kimanin 500, suka fatattaki dubban mayaƙan Bida, Kwantagora kuma ta faɗi a 1901. Duk da haka, a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903, kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, kwamandan rundunar Ingila.

  A yau, adaka ta zama ta mafarauta da 'yan bindigar hawan salla, kuma dokar makamai ta 1959 ta tanadi lasisi domin riƙe ta. Da ita da baka ne 'yan banga da yawa a ƙananan hukumomin Shiroro da Munya da Rafi suke tsaron ƙauyukansu, suna fuskantar ɓarayin daji masu AK-47 mai cin harsashi 30.