Maƙerar Chatham: Tsohuwar Maƙerar Sojan Ruwan Birtaniya da Ta Tsallake Rushewa

Maƙera ta Ɗaya, kamar yadda aka san ta a hukumance, tana cikin tsohon sansanin ƙera jiragen yaƙi na Chatham, a bakin kogin Medway da ke yankin Kent, kudu maso gabashin Ingila. A wannan sansani ne aka ƙera shahararren jirgin yaƙin nan HMS Victory, wanda aka sa a ruwa a 1765.

Asalinta

An kammala ginin maƙerar a 1808, lokacin da Birtaniya ke gwabza yaƙi da Faransa ta zamanin Napoleon. Edward Holl, mai zanen gine-gine na hukumar sojan ruwa, shi ne ya tsara ta. Babban aikinta shi ne ƙera anga, wato ƙaton ƙarfen da ake jefawa cikin ruwa domin tsayar da jirgi, da sarƙoƙi da sauran ƙarafan da ke riƙe jikin jirgin katako. Da zamani ya juya aka koma ƙera jirage da ƙarfe, sai aka yi ta faɗaɗa ta, guduma mai aiki da tururi ta karɓe aikin da a da damtsen maƙeri ke yi a kan uwar maƙera.

Mutuwar wutarta

Aiki ya tsaya a maƙerar tun kafin rufe sansanin. A 1981 gwamnatin Margaret Thatcher, ta bakin ministan tsaro John Nott, ta sanar da shirin rage kashe kuɗin soja, kuma Chatham na cikin waɗanda abin ya shafa. An rufe sansanin a watan Maris na 1984, dubban ma'aikata suka rasa abin yi. Aka miƙa tsohon ɓangarensa, mai faɗin kusan eka 80, ga wata gidauniyar amintattu da aka kafa a wannan shekarar. Ita kuwa maƙerar ta shafe shekaru ruwa na zuba ta rufinta, har aka sa ta cikin jerin gine-ginen tarihin Ingila da ke fuskantar halaka.

Yadda aka cece ta

Dokar kare kayan tarihi ta hana a rushe ta, amma doka ba ta gyara rufi. Abin da ya cece ta shi ne sama mata sabon aiki. Gidauniyar ta haɗa hannu da Gidan Tarihin Sufurin Teku na Ƙasa da Gidan Tarihin Yaƙi na Birtaniya, da tallafin asusun kayan tarihi na cacar ƙasa. Aka sake buɗe ta a 2010 a matsayin ma'ajiyar dubban ƙananan siffofin jiragen ruwa.

Masu gyaran ba su goge tarihin ginin ba. Sun gina sababbin ɗakuna a cikin tsohon gangar jikinsa, suka bar tsofaffin bangaye da daɓen da ake lanƙwasa bututu a kai, domin mai ziyara ya ga inda aka yi gumi.

Muhimmancinta

Tarihin soja yakan tsaya ne ga sunayen kwamandoji da ranakun yaƙi. Gini irin wannan shi ne shaidar da ta rage ta leburori da maƙeran da suka ɗauki nauyin rundunar a kafaɗunsu, waɗanda galibinsu ba a kafa musu allon tunawa ba.