Farfesa Idris Mohammed: Rubuce-rubucensa kan sanƙarau da yadda masana ke kafa hujja da su

Farfesa Idris Mohammed likita ne ɗan asalin Gombe, masanin cututtuka masu yaɗuwa da garkuwar jiki, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, daga bisani kuma a Jami'ar Maiduguri. Ya yi rubutu kan cututtuka da dama, amma sunansa ya fi fitowa a binciken sanƙarau, cutar da ke addabar Arewa a duk bazara.

A duniyar ilimi, ana auna tasirin mai bincike ne da yawan ambaton da wasu masana suka yi wa maƙalunsa a nasu ayyukan. Eugene Garfield ne ya fara fitar da kundin irin wannan ƙidaya a Amurka a 1964. A 2005 Jorge Hirsch ya kawo ma'aunin da ake kira h: idan aka ce na mutum 20 ne, to yana da maƙalu 20 da aka ambaci kowace aƙalla sau 20. A yau rumbunan Scopus da Google Scholar ke yin lissafin, jami'o'in Najeriya kuma na duba su wajen ƙarin girma.

Maƙalu biyu sun isa su nuna matsayin Farfesa Mohammed. Ta farko ta fito a mujallar The Lancet a 1981, shi da K. Zaruba, kan allurar rigakafin gama-gari da aka yi a tsohuwar Jihar Bauchi, lokacin tana haɗe da Gombe, daga ƙarshen shekarun 1970. Ƙasar Katagum, da sauran arewacin jihar, na cikin zirin sanƙarau na Afirka da ya taso daga Senegal zuwa Habasha. Tambayar da aikin ya ɗauko ba ƙarama ba ce: a jira annoba ta ɓarke sannan a kawo allura, ko a riga ta? Sakamakon Bauchi ya goyi bayan a riga ta, shi ya sa masu wannan ra'ayi suka riƙa komawa gare shi.

Sai dai allurar wancan zamani na da rauni. Kariyarta ba ta daɗewa a jikin ƙananan yara, kuma ba ta hana ƙwayar cutar zama a maƙogwaron mai lafiya ya yaɗa ta. Wannan ne ya sa muhawarar ta ɗauki shekaru.

Maƙala ta biyu ta fito a 2000, shi da abokan aikinsa, kan annobar 1996, wadda ya jagoranci kwamitin Gwamnatin Tarayya na yaƙi da ita. Ta rubuta mutum 109,580 da suka kamu, 11,717 suka rasu, nau'in A na ƙwayar meningokokus ne kuma sanadi. Da wuya a karanta tarihin sanƙarau a Najeriya ba a ci karo da waɗannan alƙaluma ba. A nan ne ƙidayar ambato ke faɗin gaskiya: duk mai son nuna girman masifar, can yake komawa.

Amma akwai abin da ƙidayar ba ta kamawa. Jami'in lafiyar da ya tsara kamfen ɗin allura bisa darasin Bauchi ba ya rubuta maƙala, balle a ƙirga. Haka nan mujallun cikin gida da yawa ba sa cikin Scopus, don haka aikin da aka buga a cikinsu kan ɓace daga lissafi, ko da likitocin karkara sun fi amfana da shi.

An fara amfani da allurar MenAfriVac a Najeriya a 2011, ta kuma karya lagon nau'in A. Sai nau'in C ya kunno kai, ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato a 2017. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar Men5CV, mai kare nau'i biyar. Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a Azare a 2021 na zaune a tsakiyar yankin da cutar ke kai wa farmaki, kuma bin diddigin nau'in da ke yawo bayan sabuwar allurar aiki ne na ɗakin gwaji, daga ruwan laka da ake ɗiba a jikin majinyata.