Gida a Ƙasar Wani: Tarihin Hausawa a Gwanja, Sudan da Makka

A 'yan shekarun nan, da wuya a tashi taron biki a Kano ko Abuja ba a ji wani daga cikin 'yan'uwanmu masu hali ya ɗauko zancen sayen gida a Dubai ko Alƙahira ba, gidan da ba zama zai yi a ciki ba, sai dai ya riƙa leƙawa lokacin hutu ko ya zuba 'yan haya. Tun 2002 da Dubai ta buɗe wa baƙi ƙofar mallakar gida a wasu keɓaɓɓun unguwanni, ake ɗaukar abin kamar sabo ne. Ba sabo ba ne. Mu da titin Kano zuwa Maiduguri ya ratsa ƙasarmu ta Birnin Kudu, mun taso muna jin labarin waɗanda suka yi gabas ba su dawo ba, da waɗanda suka yi Gwanja suka dawo hannu rabbana.

A zamanin fatauci, Bahaushen da ya je sarin goro Salaga ba ya bukatar gidan kansa. Akwai maigida, wato ɗan'uwansa da ya riga shi zama, wanda zai sauke shi, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan bashi ya shiga tsakani. Jarin maigida kuwa ɗakunansa ne, domin yawan ɗakuna shi ne yawan baƙi. Saboda haka aka yi ta gine-gine a zangunan Kumasi da Ankara. Sai dai filin da aka yi ginin a kai na sarakunan ƙasar ne, Asante ko Ga, aro suka bayar bisa amana da gaisuwa. Muddin ana zaman lafiya ba mai tuna wannan.

An tuna ranar 18 ga Nuwamba, 1969. A ranar ce gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar Ghana. Yarabawa ne abin ya fi shafa, amma Hausawa da Zabarmawa da yawa sun shiga ciki, har da waɗanda a can aka yanke musu cibiya, ba su taɓa ganin Kano ba. Mai karatu ya auna da kansa: nawa za a taya gidan da kowa ya san mai shi ranar tafiyarsa ta ƙarato? Wasu sun sayar a wulaƙance, wasu sun damƙa mabuɗi a hannun maƙwabci. Kada kuma mu yi saurin zargi, domin a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, Nijeriya ta yi wa 'yan Ghana irin wannan kora. Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya fayyace abin da dā ake yi a baki: wanda ba ɗan ƙasa ba ne ba ya mallakar fili har abada, iyakarsa jingina ta shekara 50.

Labarin gabas ya fi wannan taɓa zuciya, don su waɗannan ba riba ta fitar da su ba. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira, jama'a daga ƙasashen Kano da Bauci da sauransu suka bi shi, har aka yi yaƙin Burmi a watan Yulin shekarar, inda ya yi shahada. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa Sudan, suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno, kusa da Sennar. Bayansu ayarin alhazan ƙasa bai yanke ba, ana tafe ana yada zango ana neman guzuri. Da aka gama madatsar ruwa ta Sennar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, ƙarfin waɗannan mutane ya yi aiki ƙwarai, wasu ma suka sami hawasha, wato kason gona. Sa'annan a 1948 aka yi dokar da ta ce ɗan Sudan shi ne wanda zuriyarsa ke zaune a ƙasar tun kafin 1898. Mutanen Burmi sun makara da 'yan shekaru ƙalilan. Daga nan samun gona ya yi wa marar takardar jinsiyya wuya, da yawa suka ƙare a kambo, ƙauyukan 'yan ƙwadago a gefen gonaki, kan filin da ba nasu ba. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya tarar da jikokinsu a nan.

Waɗanda suka ƙetare Bahar Maliya suka isa Makka, su ne ake kira Takari. Sun zauna a Misfala da Jarwal da Shara Mansur, a Jidda kuma a Karantina. Waɗanda suka zo da wuri sun sami zama 'yan ƙasa, gidajensu kuma da sakki, wato takardar mallaka daga kotu. Na baya ba su samu ba. Dokar Saudiyya ta 2000 ta hana baƙo mallakar gida a Makka da Madina, in ban da ta hanyar gado ko waƙafi. To, mai kuɗin da ransa ya biya ya zai yi? Sai ya saya da sunan ɗan ƙasa. A ganina wannan ita ce mafi munin dabara da aka taɓa yi, domin ranar da mai sunan ya rasu, gidan ya shiga rabon gadon 'ya'yansa, kuma wanda ya ba da kuɗin ba shi da bakin zuwa kotu, tunda shi ma ya karya doka. Haka nan duk lokacin da aka faɗaɗa Harami, daga aikin Sarki Sa'ud na 1955 zuwa rushe unguwar Shamiyya a 2008, mai sakki ake kira a biya diyya, ba wanda ya zuba bulo ba. Da aka rushe tsofaffin unguwannin Jidda a 2021 da 2022, Karantina na ciki, 'yan ƙasa aka ware wa diyya. Baƙin da suka shekara arba'in a wurin kayansu suka kwashe.

Abin lura a nan, a wurare ukun babu inda kuɗin mai gida ya gaza, ko ginin ya rushe da kansa. Ma'anar kalmar baƙo ce aka sauya, kuma mai ƙasa ne kaɗai ke da ikon sauya ta. Ko Dubai ɗin da ake yabo, gidan da ya kai dirhami miliyan 2 bizar zama ta shekara 10 yake jawowa, wadda ake sabuntawa. Ba ya mai da mutum ɗan ƙasa.

A watan Yulin 2025 majalisar ministocin Saudiyya ta amince da sabuwar doka, aka tsayar da Janairun 2026 don fara aiki da ita. Ta ba baƙo, har wanda ba a ƙasar yake zaune ba, damar sayen gida a yankunan da hukuma ta ware, a Makka da Madina kuma Musulmi kaɗai, bisa sharuɗɗa na musamman. Ke nan ɗan Kwandiko da ke Legas, in yana da fasfo da kuɗi a banki, zai iya neman gida da sunansa a garin da Takari suka taka da ƙafa shekara da shekaru kafin su isa. Jikan Takarin da aka haifa a Shara Mansur ba tare da iƙama ba, shi ba shi da takardar da zai nuna a yi masa rajista.