Damina Ce Ke Haifar Ɗan Dambe: Yadda Ruwan Tiga Ya Sauya Lokutan Wasanninmu

 

Kwanakin baya wani ƙanena ya nuna mini hoton bidiyo a waya. Yara ne 'yan ƙasar Norwe, maza da mata, sun ɗaura wasu siraran sanduna masu ƙananan tayoyi a ƙafafunsu, suna dogara sanda biyu, suna hawan tudu a kan kwalta. Ya tambaye ni wane irin wasa ne wannan. Ashe atisaye suke yi. Wasansu na ainihi shi ne tseren dogon zango a kan dusar ƙanƙara, ita kuwa ƙanƙarar sai lokacin hunturu take sauka. Saboda haka daga watan Yuni zuwa Satumba ƙungiyoyinsu kan tara yaran a sansani, su yi gudu a daji, su hau duwatsu da sanduna a hannu, su yi ta tura waɗannan tayoyin, domin idan ƙanƙara ta zo ta tarar da jiki a shirye.

Dabarar ba ta yau ba ce. Tun shekarun 1930 aka fara amfani da irin waɗannan tayoyi a Turai. Da ita ce ma ɗan Afirka ya sami ƙofar shiga. Philip Boit na ƙasar Kenya, wanda asalinsa ɗan tseren ƙafa ne, ya shiga tseren kilomita 10 a gasar Olamfik ta hunturu a Nagano ta Japan a 1998. Shi ya zo na ƙarshe, amma wanda ya yi na ɗaya, Bjorn Daehlie ɗan Norwe, ya tsaya a bakin layi yana jiran isowarsa har ya rungume shi. A 2022 kuma Samuel Ikpefan ya wakilci Nijeriya a wannan wasa a Beijin.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne watannin. Yuni zuwa Satumba ai daminarmu ce, Disamba zuwa Maris da suke gasa kuma shi ne sanyinmu da farkon raninmu. Haka tsarin ƙasar Hausa yake tun kaka da kakanni: a gina jiki da damina, a gwada shi bayan an kai amfani gida.

Sansanin saurayin ƙauye gona ce. Daga sharar gona zuwa shuka, daga noman firi zuwa maimai, sannan huɗa, wata huɗu yana duƙe da fartanya ko garma. Wanda ya taɓa yin huɗa da garmar hannu ya san inda take aiki: ƙugu, kafaɗa, damtse da cinya. Waɗannan su ne gaɓoɓin da ɗan kokawa yake tsayawa da su, su ne kuma ɗan dambe yake ɗauko naushi daga cikinsu. Gayya ita ce gwajin farko. A jera samari kowa da kuyyarsa, makaɗi yana binsu da gangar noma yana kiran sunan wanda ya yi gaba, 'yan mata suna kawo fura suna kallo. Tun a nan gari yake gane wanda zai fitar da shi kunya idan kaka ta yi.

Da dare, in akwai farin wata, sai dandali. Ƙanana su yi langa, wadda ba komai ba ce illa horon tsayuwa da ƙafa ɗaya ana tureka ba ka faɗi ba. Manyansu su kama kokawa a kan rairayi. Babu wanda ya kira wannan da sunan horo, amma aikin da yake yi ke nan.

Idan an yanke gero da dawa, rumbu ya cika, sai kalankuwa da bukukuwan aure su kankama. A lokacin ne ayarin 'yan dambe, waɗanda asalin sana'ar yawancinsu fawa ce, suke bin garuruwa da makaɗan kalangu. Yaro ba ya faɗa wa fage haka kawai. Sai ya bi wani babba, ya riƙe masa kaya, ya koyi ɗaurin zare a hannu, ya yi damben share fage kafin manya su fito. Shi ya sa har gobe za ku ji ana kiran ɗan dambe da Shagon wane ko Autan wane. Sunan yana faɗa maka hannun da ya rene shi. Waƙoƙin da Ɗan Anace ya yi wa Shago daga wannan duniyar suka fito. Bayan wasanni, mai ƙarfi ya ɗauki jakarsa ya tafi cin rani, sai gajimare ya fara haɗuwa ya dawo.

A yankinmu na Bunkure da Kura da Garun Malam, abin da ya karya wannan zagaye ruwa ne. A zamanin gwamna Audu Bako aka gina madatsar Tiga a kan kogin Kano, daga 1971 zuwa 1974, daidai shekarun da fari ya addabi ƙasashen Sahel. Daga nan aka jawo babbar hanyar ruwa ta bi ta Ruwan Kanya, ta rarrabu zuwa ƙananan magudanai, ruwan yana gangarowa da kansa ba tare da inji ba. An tsara kashin farko na aikin zai shayar da kimanin hekta 22,000, kuma daga baya kula da shi ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976. Alkama, tumatir, albasa, masara da shinkafa suka mamaye filayen da a da suke zama fayau daga kaka har saukar ruwa.

Babu mai hankalin da zai ce wannan ba alheri ba ne. Gidaje da yawa sun daina tura 'ya'yansu cin rani, hasali ma mu ake zuwar wa ƙwadago. Wanda ya ga motocin da ke lodin tumatir a Kwanar Gafan zuwa kudu ya san kuɗin da ke shigowa. Amma kowane allazi da nasa amanu. Watannin da a da suke na dandali da fage, yanzu su ne na dashe da ban ruwa da tsinkar tumatir. Saurayin da ya kwana a bakin kanal yana jiran layin ruwa ya iso gonarsa cikin sanyin Janairu, ba shi da sauran ƙarfin zuwa kokawa. Ta ɗaya ɓangaren kuma, tarakta da garmar shanu da maganin feshi sun rage aikin fartanya, gayya ta ja baya, biyan kuɗin ƙwadago ya maye gurbinta. Ga kuma makaranta da gidan kallon ƙwallo, kowanne ya ɗebi rabonsa na lokacin yaro. Lokacin horon ya sauya kama, lokacin gasar kuma ya cika da aiki.

Damben bai mutu ba, ƙaura ya yi. Ya koma gidajen dambe na birane irin na dandalin Ado Bayero da ke Sabon Garin Kano, inda ake biyan kuɗin ƙofa, ana fafatawa tsakanin Kudu da Arewa da Guramada ba tare da jiran kaka ba. Yau har a YouTube ana kallonsa. Ɗan damben yanzu gudun asuba yake yi, yana ɗaga ƙarfe ko siminti da aka daskarar a gwangwani. Abin da gona take ba kakansa kyauta, shi sai ya ware masa lokaci.

Wasu da suka ga irin wannan sauyi sun yi masa tanadi. Mutanen Finlan sun gina wata doguwar rumfa mai sanyi a Vuokatti, mai tsawon fiye da kilomita 1, wadda ƙanƙara ba ta narkewa a cikinta ko da zafi. Kusa da mu, Jamhuriyar Nijar ta mayar da kokawa gasar ƙasa tun 1975, lokacin da aka yi ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Har yau kowace jiha tana tace 'yan kokawarta goma ta tura. Mu a nan, yaron Bunkure mai ƙashin kokawa, wa zai gan shi, a wane fili, a wane wata?

Ga inda abin ya shafe mu. Wanda yake saurayi ɗan shekara 20 ranar da ruwan Tiga ya fara gangarowa, yau ya ba saba'in baya. Su ne kaɗai suka rayu a zamanin biyu. Tarihin madatsar yana cikin takardun hukuma, da lissafin hekta da buhu, amma tarihin dandalin yana cikin ƙirazansu. In muna da irin waɗannan dattawa a gida, mu zauna da su da biro ko na'urar ɗaukar murya ta waya. Kada mu ce “Baba, ba mu labarin da,” domin amsar za ta zo a dunƙule. Mu tambaye su: a ina fagen garin nan yake, yanzu gonar me ce a wurin? Wace shekara aka yi gayyar ƙarshe? Me ake ba ɗan kokawa ya ci? Wa ya kayar da wa, me makaɗi ya ce? Iyayenmu mata ma suna da nasu, domin su ne suka yi waƙoƙin gaɗa a wannan dandalin.

Labaranmu sun cika da ofisoshi da manyan gidajen da yawancinmu ba mu taɓa shiga ba. Ga saurayin da ubansa sarkin noma ne, shi kuma yana tsaye tsakanin layin ban ruwa da kiran kalangu, har yanzu yana jiran mai rubuta shi.

Wanda ya samo wani abu daga bakin dattawan garinsu, ya kawo mana mu ƙaru. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya albarkaci alƙalumanmu.