Laftanar Janar Jeremiah Useni (1943–2025): Tarihin rayuwarsa a taƙaice

An haifi Jeremiah Timbut Useni a ranar 16 ga Fabrairu, 1943, a Langtang da ke Jihar Filato ta yanzu. Ya shiga aikin soja tun yana matashi, ya kuma kai muƙamin Laftanar Janar.

Ya zama gwamnan soja na tsohuwar Jihar Bendel daga 1984 zuwa 1985, sannan ya riƙe Ma'aikatar Sufuri. A zamanin Janar Sani Abacha, shi ne Ministan Babban Birnin Tarayya daga 1993 zuwa 1998. Da Abacha ya rasu a watan Yunin 1998, mutane da dama sun zaci Useni ne zai gaje shi, amma majalisar mulkin soja ta zaɓi Janar Abdulsalami Abubakar.

Bayan ya tuɓe kaki, ya rungumi kasuwanci da siyasa. Ya wakilci Filato ta Kudu a Majalisar Dattawa daga 2015, kuma ya yi wa PDP takarar gwamna a 2019, inda Simon Lalong ya kayar da shi.

Ya rasu ranar 23 ga Janairu, 2025, yana da shekara 81, ya bar iyali.