Sanyin 1963 da Tsofaffin Ingila

In an ce sanyi a ƙasar Hausa, hunturu a ke nufi. Amma na Ingila ya wuce nan nesa. A can ruwa ya kan daskare ya yi tauri kamar dutse, dusar ƙanƙara kuwa ta riƙa zubowa kamar shaɓin auduga har ta binne hanya. Tsohon ƙasar Hausa galibi yana tsakiyar 'ya'ya da jikoki, ba ya rasa mai hura masa wuta. A Ingila kuwa tsofaffi da yawa zaman kansu su ke yi, don in 'ya'ya suka girma sai neman abinci ya watsa su garuruwa. Saboda haka in sanyi ya yi tsanani, su ya ke fara kayarwa.

Tun cikin 1947 aka ga alama. Daga ƙarshen Janairu har tsakiyar Maris, kwana 55 a jere, ba ranar da dusar ƙanƙara ba ta zuba a wani sashe na ƙasar ba. Kwal ya daskare a inda aka tara shi, jiragen ƙasa suka kasa ɗaukarsa. Dole Gwamnati ta hana gidaje amfani da wutar lantarki awa 5 kowace rana. Da sanyi ya wuce, sai hankalin mutane ya koma kan ambaliyar da ta biyo baya.

Bayan shekara 15 sai ga wanda ya fi shi. Ran 26 ga Disamba, 1962, dusar ƙanƙara ta soma zuba. Ran 29 da 30 ga watan iska mai ƙarfi ta taso, ta tara ta a kudu maso yamma har tsibinta ya kai ƙafa 20 a waɗansu wurare, ƙauyuka suka yanke daga birane. Tun 1814 ba a ga wata mai sanyin Janairun 1963 ba. Teku kanta ta daskare a bakin garin Herne Bay, har wajen mil 1 daga gaɓa. A Oksfod aka ƙetare Kogin Tems da mota bisa ƙanƙara. Sai ran 6 ga Maris gari ya waye ba inda raɓa ta daskare. Masana suka duba littattafansu, suka ce rabon Ingila da irin wannan sanyi tun 1740.

To, a wancan zamani yawancin gidaje murhun kwal guda gare su, a ɗakin zama. Ɗakin kwana ba wuta. Famfo ya daskare, sai a ɗauki bokiti a bi motar ruwa. Saurayi ya iya wannan, amma tsohuwa 'yar shekara 80 fa, wadda in santsi ya kwashe ta ƙashin kwatangwalonta zai karye? Sai ta rufe ƙofa ta zauna. Waɗansu kuma kuɗin fanshonsu kaɗan ne, suna tsoron bashi, sai su riƙa tsimin kwal. Sau da yawa mai kawo madara ne ya kan fara lura, in ya tarar da kwalabar jiya a bakin ƙofa ba a ɗauka ba.

Abin da ke kashe su kuwa ga shi. Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne. In ya sauka ƙasa da 35, ciwo ya kama. Jikin tsoho ba ya saurin gane sanyi, ba ya kuma yin makyarkyata sosai, ita ce kuwa ke ɗumama jiki. Sai magana ta soma sarƙe masa, hankali ya gushe, barci ya ɗauke shi, bai ma san yana cikin hatsari ba. Ga shi kuma ma'aunin zafin da likitoci ke riƙewa a lokacin bai cika nuna abin da ya kasa 35 ba. Har wa yau sanyi ya kan sa jini ya yi kauri ya hau, ya jawo ciwon zuciya da shanyewar jiki da ciwon huhu. Waɗannan ma sun fi sandarewa kisa.

Cikin 1964 Ƙungiyar Likitocin Birtaniya ta fid da takardar gargaɗi a kan wannan ciwo na tsofaffi. Cikin 1966 Majalisar Manyan Likitoci ta Landan ta ba da rahoton binciken da ta yi a waɗansu asibitoci daga Fabrairu zuwa Afrilu, 1965. Ta ƙiyasta cikin wata 3 ɗin nan an kwantar da kimanin mutum 9,000 da jikinsu ya yi sanyi haka, da yawansu kuwa tsofaffi ne. Daga nan aka yawaita ma'auni mai nuna ƙasa da 35.

Taimakon kuɗi ya daɗe bai zo ba. Cikin 1988 aka kafa ƙa'ida, in sanyi ya kai na daskarar ruwa kwana 7 a jere, a ba masu ƙaramin ƙarfi kuɗin ɗumama ɗaki, cikin 2008 aka kai shi fam 25. Cikin 1997 Ministan Kuɗi Gordon Brown ya soma ba tsofaffi kuɗin wuta kowace shekara. Cikin 2011 aka buga shirin Gwamnati na tarbar sanyi. Cikin 2024 aka janye kuɗin wutar daga yawancin tsofaffi, jama'a suka yi ta kuka, cikin 2025 aka mayar wa mafi yawansu.

Shawarar da aka tsamo daga wannan wahala ba ta da wuya. Kada zafin ɗaki ya kasa digiri 18. Tsoho ya sa tufafi marasa kauri bisa juna, sun fi guda mai kauri riƙe ɗumi. Ya ci abinci mai zafi, ya riƙa motsawa, kada ya wuni zaune. Tun kafin sanyi ya ajiye abincin gwangwani da magungunansa da tocila da bargo, ya yi allurar rigakafin mura. Kada kuma ya hura gawayi a ɗaki rufe, don iskar da ke fita daga gare shi ba ta da wari, tana kuwa kisa.

Duk da haka, dubban tsofaffi su kan mutu cikin watannin sanyi fiye da sauran watanni. Kuɗin Gwamnati ya kan sayi wuta, amma ba ya ƙwanƙwasa ƙofa ya tambayi mai ɗaki yadda ya kwana. Wannan aikin maƙwabci ne da ɗan'uwa, zumunta kuwa a ƙafa ta ke.